Ciwon mara lokacin al'ada: inda 'yan mata ke kuskure wajen motsa jiki

Babban kuskuren 'yan matanmu na Damagaram shi ne jiran ranar ciwo. Wata cur yarinya tana zaune, daga lakwal sai gida a kan kabu-kabu, sai ranar da mara ta murɗa ta tuna da motsa jiki. In bai yi mata ba, ta ce zancen banza ne.

Ciwon nan wani sinadari ne ke kawo shi, furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta matse don ta zubar da shimfiɗar cikinta. In matsewar ta yi ƙarfi, jinin da ke ciyar da mahaifar ya ragu, sai ciwo. Yakan fara ana gobe ko ranar farko, ya lafa cikin kwana 2 zuwa 3. Motsin da ke rage shi na dukan wata ne: minti 45 zuwa awa guda, sau 3 a mako, kuma ki ba shi wata biyu ko uku kafin ki yanke hukunci. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda numfashi zai hau amma kina iya magana. Ki fita bayan asuba ko da la'asar sakaliya, ban da rana tsaka a zafin Afrilu da Mayu.

Kuskure na biyu, kuma wannan yana ɓata rai: mara tana ciwo, ke kuma kin kwanta kina tashi-kwanta na rage tumbi da kika gani a TikTok. Haba ƙanwata! Wurin da ya riga ya ɗaure za ki ƙara ɗaurewa? Ranar ciwo sassautawa ake yi. Ki durƙusa a tabarma, ki zauna kan dugaduganki, ki kai goshi ƙasa, hannuwa a miƙe gaba, minti guda. Sai ki juya rigingine, ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, daƙiƙa 30, sau 5. In da kwalbar ruwan ɗumi, ki naɗe ta a tsumma ki ɗora a mara. Kada ta taɓa fata tsirara.

Ƙananan kurakurai kuma: riƙe numfashi yana ƙara ɗaure ciki. Ki sassauta zani. Kada ki fara daga gama cin tuwo. Shara da wanke-wanke ba su cika lissafi ba, don ana yi ana tsayawa.

Tramol ɗin masu talla, ko kusa. Ibuprofen daga farmasi ya fi dacewa, a sha da fara ciwon, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki ta bar shi.

In ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana zarcewa bayan jini ya ɗauke, ko da zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ƙunzugu na jiƙewa duk awa, ki ajiye tabarma ki je likita ki ga ungozoma.