Kurakuran masu shiga harkar saye da ajiyar wake

Mafi yawan waɗanda suka karye a cinikin wake tun ranar sari suka karye, sai dai ba su gane ba sai an zo sayarwa. Mutum ya ji ana cewa a saya da kaka a sayar da damina, sai ya zuba jarinsa duka ba tare da ya san wa zai sayar wa ba. Kasuwannin ƙasar Yarbawa irin su Mile 12 a Legas da Bodija a Ibadan sun fi neman jan wake, Arewa kuma fari ya fi tafiya. Kafin ka ɗaure buhu ko ɗaya, ka shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ko kasuwar da kake nufi, ka tambayi dillalai irin da ake nema da girman ƙwayarsa.

Sai awo. A ƙauye da tiya ake saye, babban mai saye kuwa sikeli yake ɗorawa. A Kano ana lissafa tiya 40 a buhu, wajen kilo 100, amma kwanon wani gari ba na wani ba ne, ga kuma bambancin tozo. Ka tafi da kwanonka da sikelinka, ka zazzage buhu ka ga ƙasansa, domin can ake ɓoye tsakuwa da ƙaiƙayi.

Inda aka fi tafka asara shi ne ajiya. Waken da bai gama bushewa ba yana rage nauyi a sito, ya yi fumfuna. Gwajin ba wuya: zuba ƙwayar a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Ƙwaro kuma tun daga gona yake biyo wake, saboda haka tsabtar sito kaɗai ba ta isa ba. Wasu sai su yayyafa fiya-fiya ko Sniper, alhali guba ce ga mai ci, kuma sinadarin da ke cikinta ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya a 2015. Buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba ya buƙatar magani. Amma da yawa suna lalata amfaninsa da hannunsu: su haɗa bakin ledojin su ɗaure tare, ko su riƙa buɗewa suna leƙawa. Kowace leda a matse iskarta, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai. Ledar da ta huje ta tashi daga aiki. A jera buhunan kan katako, nesa da bango, a kuma yi maganin ɓera.

Lissafin riba ma ana yi masa gajen haƙuri. A cire kuɗin sari daga kuɗin sayarwa a ce an ci riba, an manta da la'ada, da 'yan dako, da kuɗin mota da na hanya, da buhuna, da hayar sito na watanni. Raba duka wannan a kan kowane buhu, ka san farashin da ƙasa da shi faɗuwa ce.

Kuma ba dole ne farashi ya tashi kowace shekara ba. Bayan gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, hatsi ya sauko a 2025, waɗanda suka ƙi sayarwa suna jiran tashi suka sha kashi, musamman masu juya kuɗin bashi. Raba kayan kashi uku: na farko ya fita da zarar ya rufe kuɗin da ka kashe da ɗan abin da ya hau, na biyu a tsakiyar rani, na ƙarshe kafin sabon wake ya fara shigowa kasuwa.