Yadda ake zaɓen injin sanyaya ruwa don tankin murjani a Kaduna

Murjani mai rai, wato halittar teku da ake kiwo a tankin gilashi mai ruwan gishiri, ba ya jure zafi. Ruwan da ya fi dacewa da shi yana tsakanin digiri 24 zuwa 26, kuma ba a so ya riƙa hawa da sauka fiye da digiri ɗaya a yini. Idan ruwan ya kai 29 ko 30 ya kwana biyu a haka, murjanin yakan fitar da ƙananan halittun da ke zaune a jikinsa, waɗanda su ne ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. Sai ka ga ya yi fari fat. Kifayen ma suna jigata, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. A nan Kaduna kuwa, zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 35 da rana, ɗaki mai rufin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Da wannan lokacin za ka yi lissafin injin da za ka saya, ba da abin da aka rubuta a jikin kwali ba.

Kafin ka kashe ko sisi, sa ma'aunin zafi mai lambobi a cikin ruwan. Kunna fitilu da duk famfunan tura ruwa kamar yadda za su riƙa aiki kullum, ka riƙa rubuta zafin da asuba, da la'asar, da bayan isha'i, har mako guda. Lamba mafi girma da ka samu ita ce abin aiki. Idan a damina ko hunturu ka yi awon, ƙara digiri biyu ko uku saboda bazara.

Lissafin ba shi da wuya. Rage zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana bukatar a cire zafin da ya kai aikin wat 1.16 na awa guda. A ce duk ruwanka, har da na tankin tacewa da ke ƙasa, lita 300 ne, ya kai digiri 30, kana so ya dawo 26. Ninka 300 da 4 da 1.16, ka samu kusan 1,400. Injin da ke cire zafin wat 400 zai yi awa uku da rabi kafin ya gama. Wannan ma idan babu wani zafin da ke shigowa ke nan, alhali yana shigowa ba tsayawa: duk famfon da ke nutse a ruwa, wutar da yake ci gaba ɗaya zafi take komawa, ga fitila daga sama, ga iskar ɗaki ta jikin gilashi. Masu ƙera injinan sukan gwada su ne a ɗakin da bai kai namu zafi ba, kuma kwamfuresa, wato sashen da ke matsa gas kamar na firji, tana raguwa da ƙarfi idan iskar da take shaƙa ta yi zafi. Saboda haka idan takardar injin ta ce na 1/10 HP (ma'aunin ƙarfin inji) ya isa tankinka, ɗauki na gaba da shi, 1/6 ko 1/4. Injin da ya yi daidai yakan yi aiki ya huta. Wanda ke gurnani ba hutu tun daga azahar har dare ya yi wa tankin kaɗan, kuma ba zai yi ƙarko ba.

Akwai ƙananan injina marasa kwamfuresa, masu sanyayawa da farantin lantarki. Ba su da ƙara, amma ƙarfinsu bai wuce tankin lita 40 ko 50 ba. Fanka da ke busa saman ruwa kuma takan rage digiri ɗaya zuwa biyu lokacin rani da iska ke bushe, a damina ba ta tsinana abin kirki. Ruwa yakan ƙafe da sauri a ƙarƙashinta, gishiri ya ƙaru, sai ka riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri. Ga tankin da ya wuce lita 100, mai kwamfuresa kawai za ka nema.

Abin da ba a sassauci a kai shi ne ƙarfen da ruwa ke taɓawa a cikin injin. Dole ya zama taitaniyom. Ruwan gishiri yana cin sauran ƙarafa, jan ƙarfe kuma guba ne ga murjani da jatan lande da katantanwa, ko da ɗan kaɗan ne ya narke. Wani zai ce maka a kai tsohuwar firiza Panteka a haɗa maka da araha. Masu sana'ar sun iya aikinsu, sai dai bututun firji na jan ƙarfe ne ko alminiyom, ba na wannan aikin ba ne. Haka ma idan injinka ya lalace: mai gyaran firji zai iya ƙara gas ko canza kwamfuresa, amma kada a taɓa sashen da ruwa ke bi.

Sai wuta. Tamu 230V ce, 50Hz. Injinan da aka yi wa kasuwar Amurka na 110V ne zuwa 120V, 60Hz, don haka karanta lambar da ke bayan injin kafin ka biya. Hailea na ƙasar Sin da Teco na Italiya duk suna yin masu dacewa da wutarmu. A lokacin tashi kwamfuresa tana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da take ci a kan aiki, saboda haka janareta ko inbata su kasance da rara. Sa sitabilaiza mai jinkirin minti uku, don kada wuta ta ɗauke ta dawo nan take kwamfuresar ta tashi a kan matsin gas, abin da ke ƙona ta ke nan. Ajiye gorunan ruwa masu ƙanƙara a rufe gam, ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba ka jefa su a tankin ƙasa.

Kowane inji yana da iyakar gudun ruwan da yake so, mai 1/4 HP yakan nemi lita 1,000 zuwa 2,500 a awa. Idan ruwa ba ya gudu sosai, na cikin injin yana sanyi kafin na tanki, sai injin ya riƙa kunnawa yana kashewa ba ƙaƙƙautawa. Tsawon tiyo da lanƙwasa da hawa sama duk suna rage ƙarfin famfo, don haka gwada da bokiti da agogo. Ɗebo ruwan daga inda aka riga aka tace shi, ka ɗaure kowane bakin tiyo da maɗaurin roba.

Idan injin ya iso daga Legas, bar shi a tsaye yini guda kafin ka kunna, man kwamfuresar ya koma mazauninsa. Kada ka kulle shi a kabad ɗin ƙarƙashin tanki. Zafin da ya cire daga ruwa a ɗakin yake zubar da shi, sai ya koma yana shaƙar abin da ya fitar. Ba shi sarari kamar santimita 30 ta kowane gefe, kusa da taga ko a baranda mai inuwa.

Ƙurar hunturu tana toshe ragar iskarsa cikin 'yan kwanaki, sai a wanke ta duk mako a lokacin. Bayan kowane wata shida, cire injin ka zagaya masa ruwan binega na awa ɗaya don ya narkar da farar ƙasar da ta daskare a ciki, ka ɗauraye sosai kafin ka mayar. A Disamba da Janairu sanyin dare yakan sa ruwan ya sauka ƙasa da 24, don haka hita ma tana da aiki. Saita ta a 25, injin sanyi a 26, a bar tazara tsakaninsu don kada ɗaya yana ɗumamawa ɗaya yana sanyayawa a lokaci guda.