Wace bindigar farauta ta dace da matashi mai ƙaramin jiki?

Masu son koya wa ƙanne ko 'ya'yansu farauta a nan Jos, abin da na ga ana yawan yi shi ne a ɗauko bindigar baba a miƙa wa yaro a ce ai namiji ne zai saba. Ba zai saba ba wallahi, tsoro kawai zai koya. Idan bindiga ta daki kafaɗarsa da ƙarfi tun harbin farko, daga ranar duk sanda zai ja kunama sai ya runtse ido ya fizge hannu, kuma wannan halin cire shi ya fi koya harbin wahala.

Toh kafin maganar girman harsashi, a fara da doka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi ba. Raifil na farauta da bindiga mai katirij lasisinsu daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, harbi-ka-ruga kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Sannan raifil masu faɗin bututu 7.62mm da 9mm da .300 da .303 dokar ta sa su a layin bindigogin soja, don haka .308 da .30-06 da kuke gani a bidiyon maharban Amurka ku cire su daga lissafi, faɗin bututunsu 7.62mm ne, dama kuma sun yi wa ƙaramin jiki ƙarfi. Ku je hedkwatar 'yan sanda ku tambaya ko ana ba da lasisi yanzu tun kafin ku kashe ko sisi, da yawan shingayen jami'an tsaro da ke hanyoyin Filato ba wanda zai so a tsare shi da bindiga ba takarda.

Sai tambaya ta biyu, me za a harba? Idan zomo ne da kurege da gafiya, raifil mai ƙaramin harsashi da ake kira .22 LR ta gama magana. Kusan ba ta dukan kafaɗa sam, ƙararta ba yawa, yaro zai yi harbi hamsin a yini bai gaji ba, kuma a nan ne ake koyon saiti da riƙe numfashi da jan kunama a hankali. Ni a ganina duk mai koyo da ita ya kamata ya fara ko da gaba zai koma babba. Amma kar a raina ta don ƙarama ce, harsashinta yana wuce kilomita ɗaya, kuma a wuri mai duwatsu irin namu yana iya dukan dutse ya karkata inda ba a nufa ba.

Idan kuma an kai ga gada ko mazo, raifil .243 Winchester, wadda ta fito a 1955, tana cikin waɗanda aka fi ba matasa. Kwanson .308 ne aka matse bakinsa ya ɗauki siririn harsashi mai kusan 6mm, mai nauyin giram 6 da rabi shi ya dace da irin wannan naman, kuma dukanta a kafaɗa kusan rabin na .30-06 ne. Akwai 7mm-08 ta 1980 da 6.5 Creedmoor ta 2007, duk masu kyau ne, sun ɗan fi .243 dukan kafaɗa, amma fa ka tambayi kanka ina za ka samu harsashinsu ta halastacciyar hanya, bindigar da ba harsashi ai sanda ce.

Gaskiyar magana yawancin maharbanmu bindiga mai katirij suke riƙewa, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, kuma lamba 12 ce ta cika gari. Ga ƙaramin jiki lamba 20, wadda bututunta bai kai na 12 faɗi ba, ta fi sauƙi, ta isa zabo da fakara. Sai dai a nan mutane ke ruɗewa, lamba 20 mara nauyi tana iya duka kamar lamba 12, saboda nauyin bindiga shi ke shanye dukan. Kar ka zaɓi wadda ta fi kowacce rashin nauyi wai don tausayi, nemo wadda zai iya ɗagawa ya riƙe saiti hannunsa bai rawa ba. Kuma kar a taɓa haɗa katirij na 20 da na 12 a aljihu ɗaya, na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale, in aka ɗora wani a kai aka harba bututun na iya fashewa.

Tsawon gindin bindiga ma ba ƙaramin abu ba ne. Na manya daga kunama zuwa ƙarshen gindi kusan inci 13 da rabi zuwa 14 ne, matashi kuwa 12 zuwa 13 yake bukata. In ya yi masa tsawo za ka ga ya gantsare baya, gindin ya sauka a damtse maimakon lungun kafaɗa, kunci bai kwanta a katako ba. A rage katakon a sa robar kafaɗa mai laushi, a toshe masa kunne duk sanda zai yi harbi, don sau da yawa ƙarar ce ke firgita shi fiye da dukan.

Gwajin ƙarshe, a wuri mai tudun ƙasa a bayan abin saiti, ba dutse ba, kai ka riƙa ɗura masa bindigar yana juya baya, wani lokaci ka miƙa masa ita ba komai ciki. In ya ja kunama ta ce ƙas ka ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa, ta fi ƙarfinsa, a mayar da shi .22 tukuna. In bakin bai motsa ba kuma yana zuba harsashi biyar cikin faɗin tafin hannu daga mita 50, sai a matsar da abin saitin zuwa mita 100 a sake gwadawa kafin a shiga daji da shi.