Adireshinka daban, mazaɓarka daban: ga sababbin zuwa yankin Huntingdon

Sannunku da zuwa, 'yan uwa, musamman waɗanda aikin asibitin Hinchingbrooke ko na kula da tsofaffi ya kawo wannan yanki na Ingila. An riga an cika muku kunne da maganar haya da rigar sanyi da inda ake samun naman halal. Ni maganar ɗan majalisa zan yi muku, domin a nan na fara tuntuɓe.

Shekarata ta farko ina zaune a Ramsey, takardun zaman iyalina suka maƙale wata da watanni. Aka ce in rubuta wa ɗan majalisata. Na duba ambulan ɗin da ake aiko mini, na ga an rubuta Huntingdon a ƙarƙashin Ramsey, sai na zauna na tsara doguwar wasiƙa na aika can. Amsar da ta dawo layi uku ce, cikin ladabi: ni ba ɗan mazaɓarsu ba ne, in nemi nawa. Ashe sunan da gidan waya ke amfani da shi daban, iyakar mazaɓa daban, kuma al'adarsu ce ɗan majalisa ba ya shiga matsalar mutumin wata mazaɓa.

Ruɗanin yana da asali. Kalmar Huntingdonshire da kuke gani a jikin motar shara da takardar harajin gida, a da sunan lardi ne mai zaman kansa, ƙasar noma shimfiɗaɗɗiya. Tun 1290 lardin ke tura wakilai biyu majalisa. Daga 1430 aka ce ba mai jefa ƙuri'a sai wanda ya mallaki filin da ke kawo masa sule 40 a shekara, kuma a bainar jama'a ake yi, mutum ya faɗi gwaninsa da baki ana rubutawa. Wanda ya ga zaɓen ƙato bayan ƙato a Najeriya ya san abin da hakan ke nufi ga mai zaman arziki a gonar wani. Shi ya sa kujerun suka daɗe suna yawo tsakanin gidaje ƙalilan: zuriyar Montagu, masu sarautar Manchester da ke Kimbolton da masu sarautar Sandwich da ke Hinchingbrooke (ɗaya daga cikinsu ne aka sa wa burodin nan mai nama a tsakiya sunansa), sai gidan Fellowes na Ramsey. Edward Fellowes shi kaɗai ya riƙe kujera daga 1837 har 1880. Ƙuri'ar sirri ba ta zo ba sai 1872.

Idan bature ya ce muku Oliver Cromwell ɗan majalisarsu ne, gaskiya ya faɗa, amma garin Huntingdon ya wakilta a 1628, wanda a lokacin yake da kujerunsa daban da na lardi. Lardin kuwa ya taɓa samun Lord John Russell daga 1820 zuwa 1826, wanda daga baya ya zama firaminista.

A 1885 aka raba mazaɓar gida biyu, Huntingdon da Ramsey. A 1918 aka sake haɗe su da kujera guda. David Renton ya hau ta a 1945, bai sauka ba sai 1979, shekara 34 cur. Yana kai aka narkar da lardin kansa, har ya ƙare a cikin Cambridgeshire a 1974. Wanda ya gaje shi, ɗan majalisa na ƙarshe da ya amsa sunan Huntingdonshire kafin a soke mazaɓar a 1983, shi ne John Major. Mutanen Jos su saurara da kyau: yana saurayi ya yi aikin banki a garinku, kuma a can ya yi haɗarin mota a 1967 da ya lalata masa gwiwa. Ya ci gaba da wakiltar sabuwar mazaɓar Huntingdon har 2001, ya yi firaminista daga 1990 zuwa 1997. A zaɓen 1992 ya ba wanda ya zo na biyu ratar ƙuri'a 36,230. A wancan zamani in kai ɗan adawa ne a nan, fitarka zaɓe motsa jiki ce kawai.

Yau labari ya sha bamban. A zaɓen 4 ga Yuli, 2024, tsohon lardin ya faɗa cikin mazaɓu uku, kowacce da jam'iyyarta. Huntingdon da St Ives suna hannun Ben Obese-Jecty na Conservative, tsohon hafsan soja wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne. St Neots ta koma sabuwar mazaɓa da Ian Sollom na Liberal Democrat ya ci. Ramsey da Yaxley suna North West Cambridgeshire, inda Sam Carling na Labour, yaro ɗan shekara 22, ya kayar da wanda ya yi shekara 19 a kujerar da ƙuri'a 39 tak. Waɗanda muke haɗuwa da su sallar Idi a zaure guda sun ninka haka.

Abin da da yawa daga cikinku ba su sani ba, ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru, har ma Togo da ta shiga ƙungiyar Kwamanwel a 2022, yana da damar jefa ƙuri'a a Birtaniya muddin yana da izinin zama na halal. Ba sai ka zama ɗan ƙasa ba, ɗalibi ma yana yi, mai bizar aiki ma yana yi. Rajista a shafin intanet na gwamnati ake yi, minti biyar zuwa goma, da lambar inshorarka ta ƙasa, wato National Insurance. Akwai wurin da za a tambaye ka ko kana son sunanka a buɗaɗɗiyar rajista. Ni dai shawarata ka ce a'a, domin wannan ita ce ake sayar wa kamfanoni, kuma ƙin shigarta ba ya taɓa ƙuri'arka. Wata riba kuma, bankuna suna duba rajistar zaɓe idan ka nemi bashi ko katin lamuni.

'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan, ku dokar ba ta ba ku ƙuri'a a Ingila ba sai kun sami zama 'yan ƙasa. Kada wani ya ce ku cike kawai, ba wanda zai gane. Bayanin ƙarya a wannan takarda laifi ne, kuma yana iya biyo ka ranar da kake neman zama na dindindin. Amma ɗan majalisa naku ne ku ma. Ba ya tambayar wa ka zaɓa, inda kake kwana yake tambaya.

Idan matsala ta taso, ka sa lambar unguwarka ta gidan waya a shafin majalisa, sunan ɗan majalisarka zai fito. A wasiƙar, fara da cikakken suna da adireshi da lambar takardarka ta ma'aikatar cikin gida, sannan matsalar a sakin layi biyu. Bar doguwar gaisuwa da kirari, ma'aikaci ne zai fara karantawa kuma ɗaruruwa ke gabansa. 'Yan majalisa suna da ranar ganin jama'a, galibi Juma'a ko Asabar, wadda suke kira sajari, wato tiyata a Turanci, ko da yake babu wuƙa babu allura. Ana neman lokaci tukuna, a ba ka 'yan mintuna. Kada ka riƙo tsaraba, kuma kada ka sa ran kuɗin mota. Ɗan majalisa ba ya iya juya hukuncin ma'aikata, amma wasiƙarsa takan sa a buɗe fayil ɗin da ya yi ƙura. Maganar shara da ramin titi kuwa ta kansila ce.

Zaɓe ranar Alhamis ake yi, daga bakwai na safe zuwa goma na dare, ba hutu ba hana zirga-zirga. Tun 2023 sai da katin shaida mai hoto, kuma fasfonka na gida ya wadatar. Za a miƙo maka takarda, fensir na ɗaure da zare a cikin akurkin, ka yi alamar X a gaban suna guda. Ni da na fito sai da na duba babban yatsana, na ga ba tawada.