Yadda Ake Halartar Wasan Makaɗa a Kano Har Ya Zauna a Zuciya

Abin da ya bambanta wasan makaɗa da waƙar da ake saurare a waya shi ne, a filin wasa ake ɗinka waƙar a gaban idon mai kallo, kuma ba za a sake rera ta daidai da yadda ta fito a daren ba. Shi ya sa dattawan da suka ga Alhaji Mamman Shata da idonsu, wanda ya rasu a 1999, har yau ba su gajiya da ba da labarin yadda yakan hango mutum a cikin taro ya saka sunansa a baiti nan take.

Matakin farko shi ne mutum ya bincika irin wasan da za a yi tun kafin ya bar gida. Akwai wasan da mawaƙi zai zo da makaɗansa da 'yan amshinsa, akwai kuma wanda za a kunna kiɗan da aka riga aka ɗauka a situdiyo, mawaƙin ya riƙa bin sa da baki. Na biyun yana da masoyansa, musamman a majalisin biki, amma a ganina wanda ke neman abin tunawa ya nemi na farkon. Idan kiɗan fada ake so, babu lokacin da ya kai bukukuwan Sallah, musamman Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, inda kakaki da algaita da tambura ke tashi tare. A Disambar 2024 ma hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai zaɓen wurin zama. Mutane da yawa suna rububin kusa da lasifika, alhali a nan ne ƙara ke cinye kalmomin waƙa. Gara mutum ya isa da wuri, ya zauna ta gefen gaba, inda zai ga fuskar mawaƙi da hannuwan makaɗa a lokaci guda.

Wannan yana da muhimmanci domin rabin daɗin wasan yana hannun mai kalangu. Yana maƙale gangar a hammata, yana matse tsarkiyarta yana sassautawa, sai muryarta ta hau ta sauka kamar maganar mutum, har wanda ya saba ya gane taken da ake kaɗawa tun kafin a buɗe baki. A lura kuma da 'yan amshi: su ne ke riƙe waƙar yayin da ubangidansu ke numfasawa yana laluben baiti na gaba, kuma sau da yawa da ɗan juya kai kawai yake sanar da su cewa zai sauya hanya. Wanda ya kama wannan zance na ido da kunne tsakanin mawaƙi da mutanensa, ya ga abin da faifai ba ya ɗauka.

Game da kyauta, al'ada ce a yi wa makaɗi alheri idan ya taɓa zuciya, amma a sani cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙi da tattaka naira, kuma hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Hanya mafi tsafta ita ce a miƙa kuɗin hannu da hannu ga sanƙira, shi kuma ya yi shelar sunan mai kyauta.

Waya kuwa, a ɗauki minti biyu ko uku don tarihi, sannan a mayar da ita aljihu, domin wanda ya kwashe daren yana leƙen gilashi ya bar wasan ya wuce shi. Ya fi kyau a je da aboki ko ɗan'uwa, tunda hirar da ake yi a hanyar komawa, ana tuna wa juna baitin da ya tayar da taro, ita ce ke dasa wasan a ƙwaƙwalwa. A kuma shirya abin hawan komawa tun da rana, saboda adaidaita sahu yakan yi wuyar samu idan dare ya yi nisa, musamman ga wanda zai tafi unguwanni masu nisa kamar Rijiyar Zaki ko Hotoro.