Yadda nake tafiyar da ruwa da filta a akwatin kifina a Katsina

Ranar da ƙanena ya wanke mini soson filta, wato abin tace ruwan akwatin kifi, da sabulu, kifi bakwai na rasa cikin kwana huɗu. Na dawo daga kasuwa na tarar da shi a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura yana ta murmushi, ya ce, "Yaya, ga sosonka na wanke maka tas, da kamar daga kwata aka tsamo shi." Har godiya na yi masa. Ruwan akwatin garau yake kamar na gora, amma kwana biyu tsakani kifayen suka taru a sama suna buɗe baki, sannan suka fara juya ciki ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ni da shi ba mu sani ba shi ne wannan dauɗar ruwan ƙasa-ƙasa da ke jikin soso ita ce ke riƙe da ran kifin. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da ke gefen kai da kuma kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, kuma guba ce ko da kaɗan. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soso da tsakuwa. Wasu su mayar da amoniya nitrayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da nitrayit nitret, wanda kifi ke iya jurewa har ka zo ka canza ruwa. Kafin waɗannan bakteriya su yi yawan da za su ɗauki nauyin akwati, sai an yi mako huɗu zuwa shida. Sabulun ƙanena ya share aikin wata guda cikin minti biyar. Don haka idan sabon akwati ka kafa, kada ka cika shi da kifi ranar farko. Fara da biyu ko uku, ko ka roƙi wani mai kiwo ya matse maka tsohon sosonsa a cikin ruwanka, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta yi barci.

Kafin ka sayi filta, san yawan ruwanka. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Nawa 60 ne da 30 da 35, ya ba ni lita 63, wato jarka biyu da rabi irin ta 'yan garuwa. Abin da ake so shi ne ruwan akwatin gaba ɗaya ya ratsa filta sau huɗu zuwa shida a awa, don haka ni mai tura lita 250 zuwa 380 a awa ya dace da ni. Adadin yana rubuce a jikin kwali, amma ka sani da zarar soso ya fara toshewa ƙarfin yana raguwa.

Na gwada filta mai injin da ake nutsawa cikin ruwa, na gwada wadda ake ratayawa a bayan gilashi, daga ƙarshe na tsaya a kan mafi arha: soso mai bututu a tsakiya da ƙaramin famfon iska. Kumfar iska tana hawa ta bututun, tana jan ruwa ta cikin soson. Dalilina wuta ce. A garin nan ana iya ɗauke ta tun safe har magariba, kuma bakteriyan nan iska suke shaƙa kamar kifin. Filta mai rufaffen ciki idan ta tsaya awanni da yawa ruwan cikinta yana lalacewa, ka buɗe ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wuta na dawowa kuma ta kwarara wannan ruwan kan kifinka. In irinta gare ka, cire soket idan ɗaukewar ta yi tsawo, ka zubar da ruwan cikinta kafin ka sake kunnawa. Shi kuwa soso a buɗe yake cikin akwati, kuma famfon iska bai wuce wat uku zuwa biyar ba. Akwai ma mai kan USB da nake haɗawa da pawabank ɗin wayata ya kwana yana aiki. Abu ɗaya dai: ɗora famfon sama da bakin ruwa, ko ka sa ɗan bawul mai hana komowa a tiyon, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ruwa zai biyo tiyo ya shiga injin. Na taɓa asarar guda ɗaya a haka, da tabarmar ɗaki.

Ƙarfin gudun ruwa kuwa, kifin ne zai gaya maka. Zauna ka kalle su minti goma. Idan suna ta faman iyo a wuri ɗaya, ko sun maƙale a lungu bayan dutse, ko abinci na gudu kafin su kama, ruwan ya yi ƙarfi. Kifin betta, wanda asalinsa ruwan fadama ne a ƙasar Tailan, da anjel mai faffaɗan jiki, ba sa son a riƙa tura su. Gupi da moli sun fi haƙuri. Juya bakin filtar ya fuskanci gilashi, ko ka ɗaura ɗan soso a kansa. Idan kuma ka ga kashi na taruwa a kusurwa ɗaya, ko wani maiƙo ya kwanta a saman ruwa, to gudun ya yi kaɗan. Abin da nake nema kullum shi ne saman ruwa yana ɗan motsi, don ta nan iska ke shiga.

Wannan motsin ya fi muhimmanci a bazara. Yawancin kifayen nan digiri 24 zuwa 28 suke so, amma a Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke kai 40 a Katsina, ruwan ɗaki yana haura 30, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. A lokacin nakan ƙara kumfa, in buɗe murfi, in juya ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwa, in rage abinci. Kada ka jefa ƙanƙara, sanyin farat ɗaya ya fi zafin illa. Da hunturu sai in rufe murfin saboda ƙura, in kunna hita da dare.

Duk Juma'a bayan masallaci nake canza ruwa. Ina zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo daga ƙasan tsakuwa zuwa bokiti. Sati biyu-biyu, a cikin wannan tsohon ruwan nake matse soso sau uku ko huɗu in mayar, ba tare da ya yi fari ba. Ruwan famfo da ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa an sa masa kulorin, wanda ke kashe bakteriya ya ƙona wurin numfashin kifi, saboda haka sai an ɗiga maganin cire kulorin, ko a bar shi a buɗaɗɗen bokiti da kumfar iska ya kwana ya wuni. Na burtsatse ba shi da kulorin, sai dai in daga baƙin tankin sama yake sauka, ɗebe shi da asuba, don da azahar kamar ruwan shayi yake. Kuma cika gurbin abin da rana ta shanye bai zama canjin ruwa ba, ruwa ne kawai ya tashi, nitret yana nan daram.

Ruwan bokitin ba na zubarwa a kwata. Umma ta ce in riƙa zuba mata a gindin zogalenta, kuma ƙanen nawa ne yanzu ke ɗaukar bokitin, shi ke matse soson ma, ina tsaye a kansa.