Yadda za ka tattara tarihin ƙauyenku tun tsofaffi na da rai

Ƙauyenmu yana ƙasar Sudan, a gaɓar kogin Bahar Azrak, kudu da garin Sinnar. Ina yaro ana cin kasuwa a cikinsa duk mako, yanzu kuwa awaki ke kwana a rumfunan. Shekara uku na yi ina bin tsofaffi da waya da littafin rubutu, na yi kurakurai da dama, shi ya sa nake son wanda zai yi irin aikin a nasu garin ya fara daga inda na gyara.

Kada ka fara da shehun gari. Je ka gaishe shi, ka nemi izini, wannan dole ne, amma abin da zai ba ka jerin sunayen waɗanda suka riƙe gari ne kawai. Labarin yana wurin tsofaffin mata. Su suka san wa ya zo da wa, wace rijiya ce ta fara ƙafewa, wane gida ne ya tashi saboda rigimar aure. Ka tafi da sukari da ɗan bunnu, wato 'ya'yan gahawa, ka zauna a rakuba, rumfar shan inuwa, har a gama soya shi a zuba jabana, wato gahawar da aka dafa. Kofin farko na gaisuwa ne, sai a na biyu baki ke buɗewa.

Babban kuskurena shi ne tambayar shekara. Na ce wa ƙanwar kakata, "Kaka, a wace shekara kuka zo nan?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni na haifi shekara ne da zan riƙe sunanta?" Tun daga ranar na koma ɗaura kowace tambaya a jikin wani abin da ya faru, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Turakun da suka yi mini aiki ga su: yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, gama madatsar Sinnar a 1925, wadda ta buɗe noman auduga a Jazira, babbar ambaliyar 1946, samun 'yancin kai a 1956, madatsar Rusairis a 1966, sai fari da yunwar 1984 zuwa 1985. Ka ce, "Baba, lokacin da aka yi yunwa an riga an gina masallacin Juma'a?" Nan take zai ba ka amsa, har da wanda ya kawo katakon rufi. Kai ne za ka koma gida ka yi lissafin shekarun.

Ka tambayi kowane gida asalinsa daban, don ba rana ɗaya aka zo ba. A namu akwai jikokin masu hijira, akwai kuma na mahajjatan da suka taso a ƙasa daga Kano, Katsina da Haɗeja, suka tsaya cirar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa daga Suwakin zuwa Jidda. Wasu sun sauke farali suka dawo suka zauna, wasu kuma har suka rasu ba su ga teku ba. Idan gida biyu suka saɓa a kan wanda ya fara sarar daji, rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Ba alƙalanci ka zo yi ba.

Bayan hira, ɗauki dattijo ɗaya mai ƙarfin ƙafa ku zaga kufai da sassafe. Inda ka ga tsamiya ko darbejiya ta tsaya ita kaɗai a fili, galibi tsakar gidan wani ce a da. Zana taswira da hannu, ka sa sunan mai kowane kango da garin da zuriyarsa take yanzu. Ku biya maƙabarta kuma, ya nuna maka ɓangaren da ya fi tsufa.

Takardu suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado: rasiɗin haraji, takardar hawasha (gonar da ake yanka wa manomi a filin noman ban ruwa), wasiƙun ajami, wani lokaci har ranakun haihuwa da malam ya rubuta a bangon gafakar Alƙur'ani. Ɗauki hoto a gaban mai su, ka mayar masa a hannu. Kada ka ce a ba ka aro.

Sashen da ya fi wuya shi ne yadda gari ya mutu. Kowa zai ɗora wa abu guda, wannan ya ce fari, wancan ya ce gwamnati, wani ya ce yaran zamani. Ni dai na daina tambayar dalili, na koma tambayar abin da ya fara rufewa da abin da ya biyo baya. A wurinmu lori ce ta fara daina shigowa ranar kasuwa, sai injin niƙa, sai makarantar allo ta koma yara kaɗan. Samari suka fara tafiya yankan riɗi Gadarif suna dawowa, daga baya suka wuce Khartum da Saudiyya da ramukan zinariya na arewa, dawowar ta zama ta salla kawai. Ka binciki batun gona sosai. Dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kakanninmu kuwa shaidarsu ita ce su suka sare dajin. Tambayi wace gona ce ta shiga hannun masu tarakta, kuma a zamanin wane shehu.

Duk hirar da ka naɗa, tura ta a daren ta WhatsApp ga 'yan uwa uku da ke garuruwa daban-daban, sannan ka kwafe muhimman wurare a littafi da biro. Ni a waya ɗaya na tara komai. Bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso yankinmu, aka karɓe ta a wani shinge a hanyarmu ta zuwa Gadarif. Hira biyu kawai suka tsira, waɗanda na taɓa tura wa ɗan yayata a Jidda, ɗaya daga ciki ta ƙanwar kakata ce tana lissafa rijiyoyin garin da sunayen waɗanda suka haƙa su.